Wanda ya san gonar yana bakin ƙofa

Shekarun baya na yi aikin riƙe littafin lissafi a wani ƙaramin kamfani da ke ba manoman masara bashin iri da taki, in kaka ta yi su biya da buhu. Wata rana cikin bazara aka ce mana baƙi na tafe daga Legas, ma'aikatan wani asusun zuba jari, za su duba ko mun cancanci a sa mana kuɗi. Su uku suka zo. Babbansu ya yi shekaru a wani banki a Landan, ta biyun daga kamfanin ba da shawara ta fito, ƙaramin kuwa bai fi shekara biyu da gama digiri na biyu ba. Ba zan yi musu ƙage ba, mutane ne masu ladabi. Sun cire takalmi a zauren mai gari, sun sha furar da aka dama musu har da neman ƙari. Ƙaramin ne ya buɗe kwamfuta a kan benci a gindin darbejiya, ya nuna mini jadawalin da ya gina a Excel. Ban taɓa ganin lissafi mai tsabta irin wannan ba. Ka taɓa farashin buhu ɗaya a sama, shafin duka ya motsa har ƙasa, har ribar shekara ta bakwai.

A gefe akwai wani dattijo, tsohon malamin gona da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Muna ba shi ɗan alawus yana zaga mana ƙauyuka a babur, kuma ranar shi ya shiga gaba yana nuna wa direban baƙin hanya. Da na fassara masa abin da jadawalin ke faɗa, wai kusan kowane manomi zai biya da zarar an yi girbi, sai ya gyara hula ya ce, "Ɗana, tambayar mini shi, a wane layi ya rubuta mai ba-da-kaka?"

Na tambaya. Yaron ya ce bai gane ba.

"Gaya masa," in ji Baba, "a watan Agusta rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga zazzaɓin damina ya kwantar da yara. Manomi wa zai nufa? Ku kuna Legas. Wajen Alhajin da ke sayen hatsi a kasuwar ƙauye zai je, ya karɓi kuɗi a kan masarar da ko goyo ba ta yi ba. Ranar kaka shi za a fara biya, don shi ke zuwa suna, shi ke zuwa jana'iza, shi za a koma wa baɗi. Kamfani ne na ƙarshe a layi."

Yaron ya rubuta a ɗan littafinsa, ya ce abin sha'awa ne ƙwarai. Da la'asar suka shiga ofis da shugabanmu, aka turo ƙofa. Baba yana zaune a benci a waje yana jiran a ba shi kuɗin mai. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Ba dai wanda ya zo masa a rai cewa zancen da ake yi a ciki ya shafe shi.

Abin da baƙin nan ke yi shi ake kira zuba jari mai tasiri: a sa kuɗi a sana'ar da za ta kawo riba, ta kuma gyara wani abu a rayuwar talaka ko a muhalli, gyaran da za a iya aunawa. Sunan bai tsufa ba. A 2007 aka raɗa shi, a wani taro da Gidauniyar Rockefeller ta kira a Bellagio ta ƙasar Italiya. Zuwa 2024, ƙungiyar GIIN mai bibiyar harkar ta ƙiyasta cewa dukiyar da ake juyawa da wannan suna ta haura dala tiriliyan ɗaya da rabi. Mafi yawanta ba ta doso nahiyarmu ba, amma ɗan abin da ke zuwa ya isa ya tayar da masana'anta ko ya bar ta a kwance. Shi ya sa tun daga ranar nake bin diddigin tambaya ɗaya: masu cewa a ba wane a hana wane, daga wace ƙofa suke shigowa wannan aiki?

Ɗauki manyansu. Jacqueline Novogratz, wadda ta kafa asusun jari mai tasiri na Acumen a 2001, a bankin Chase Manhattan ta fara aiki, ta je Ruwanda ta taimaka aka kafa ƙungiyar ba mata ƙananan rance, ta koma Stanford ta yi digirin MBA na harkar kasuwanci, ta yi aiki da Rockefeller. Sir Ronald Cohen, wanda Ingila ke ɗauka a matsayin uban wannan tafiya, a Masar aka haife shi, iyayensa suka yi hijira da shi a 1957. Ya bi ta Oxford da Harvard da kamfanin ba da shawara na McKinsey, ya yi arzikinsa a kamfanin jari na Apax, sannan a 2002 ya shiga cikin waɗanda suka kafa asusun jari mai tasiri na Bridges. A gida Najeriya, Mezuo Nwuneli na Sahel Capital, masu riƙe da asusun jarin noma na FAFIN da ya sa jari a kamfanin madara na L&Z a Kano, ya bi ta bankin JPMorgan da Harvard. Matarsa Ndidi Nwuneli, wadda suka kafa Sahel tare, ta bi ta McKinsey da Harvard. Har masu karɓar jarin ma, in ka duba, makarantar ɗaya ce. Kola Masha da ya kafa kamfanin tallafa wa manoma na Babban Gona a 2012 ya yi MIT da Harvard. Mira Mehta ta Tomato Jos, mai noman tumatir a jihar Kaduna, ta yi aiki a kamfanin jari na BlackRock, ta yi aikin kiwon lafiya a Najeriya, ta yi Harvard. Ina lissafa su ne da girmamawa, don wasunsu sun baro inuwa sun zo sun sha rana tare da manoma shekara da shekaru. Amma ka ƙirga sau nawa na ambaci Harvard a nan.

Ba makirci ba ne, tsarin ne ya haifi haka. Mai son kafa asusu dole ya je wajen masu manyan kuɗi: IFC ta Bankin Duniya, ko BII ta gwamnatin Birtaniya wadda a da ake kira CDC, ko gidauniyoyi da asusun fansho. Tambayarsu ta farko ita ce, ka taɓa riƙe kuɗin mutane masu yawa ka mayar musu da riba? Wanda zai amsa da e, sai wanda ya fito daga banki ko kamfanin jari. Shi kuma in ya tashi ɗaukar ma'aikata, ƙwarya ce ke bin ƙwarya: yana neman wanda ya iya gina jadawali irin nasa, wanda ya ci jarrabawar CFA ta ƙwarewa a harkar zuba jari, wanda wani tsohon abokin karatunsa zai tsaya masa. Ga kuma lissafin albashi. Asusu yakan cire kusan kashi 2 cikin ɗari na jarin a shekara don tafiyar da ofis. Asusun dala miliyan 50 ke nan yana da miliyan ɗaya, a ciki za a biya haya a Legas, da tikitin jirgi, da lauyoyi, da albashin mutum bakwai ko takwas. Kujerun ba su da yawa, kuma duk an raba su kafin a tuna da wanda ya san ƙasa. Wahalar binciken kamfanin da ke neman dala dubu 200 kusan ɗaya take da ta mai neman miliyan biyar, don haka ƙananan su ma tun a bakin ƙofa ake sallamarsu.

Sakamakon bai ɓuya ba. A 2017 ƙungiyar Village Capital ta duba jarin da aka bayyana an zuba a sababbin kamfanoni a Gabashin Afirka cikin shekara biyu, ta tarar kusan kashi 90 cikin ɗari ya tafi ne ga kamfanonin da ke da Bature ko Ba'amurke cikin waɗanda suka kafa su. Ba sai an ƙi kowa da gangan ba. Mutum yakan yarda da wanda ke magana da harshensa, yana ba da amsa yadda aka koya musu a aji ɗaya.

A nan zan ɗan juya, don na san masu tafa mini za su yi yawa, kuma ba duka nake tare da su ba. Akwai masu cewa a kori 'yan bankin nan, a ba masu kishin talaka. Ni na riƙe littafi, na ga abin da kishi ke yi wa kuɗi in ba lissafi. Mun kuma gani a ƙasa baki ɗaya. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Kebbi da kyakkyawar niyya, Babban Bankin Najeriya ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya, Babban Banki ya musanta ya ce kashi 52 ne. Ko da an bar shi a maganar Babban Banki, kusan rabi yana waje. Kowa a karkara ya san yadda aka yi: wasu sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati, wasu sunayen ma ba manoma ba ne. Ga kuma abin da ya faru da naira. A watan Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Kamfanin da ya ci bashin dala yana sayar da kaya da naira, ko da cinikinsa ya ninka biyu, ya wayi gari bashin ya fi ƙarfinsa. Wanda zai hango irin wannan rami ya tsara yarjejeniya ta yadda ba za a faɗa ba, shi ne wancan mai kwamfutar. Baba bai iya wannan ba, kuma ba zai yi gardama ba.

Sai dai kada a ce mini tarin takardu shi ne shaidar amana. Abraaj ta Dubai, wata cibiyar zuba jari, a ganiyarta, tana juya kusan dala biliyan 14, kuma shugabanta Arif Naqvi, wanda ya yi karatu a Landan ya fara aiki a kamfanin akantoci na Arthur Andersen, ba taron da ake yi kan jari mai tasiri ba a ba shi abin magana ba. Ya tara asusun dala biliyan ɗaya don gina asibitoci a ƙasashe irin su Najeriya da Kenya da Pakistan, da kuɗin Gidauniyar Gates da IFC da CDC da Proparco ta Faransa. A 2018 kamfanin ya rushe bayan masu kuɗin sun fara tambayar ina kuɗinsu ya shiga. A 2019 aka kama Naqvi a Landan bisa tuhumar da Amurka ke yi masa, wadda yake musantawa, hukumar kula da harkar kuɗi ta Dubai kuma ta ci tarar kamfanoni biyu na Abraaj kusan dala miliyan 315. Ma'aikatan gidan nan ba wanda za ka raina makarantarsa. Kuma a lura, abin da ya tona asirin tambaya ce irin ta akawu: nuna mana takardar banki. Asusun asibitocin ya koma hannun kamfanin jari na TPG a 2019, shekarar da aka kama Bill McGlashan, wanda ya jagoranci kafa asusunsu na Rise, kan biyan dala dubu 50 a gyara wa ɗansa sakamakon jarrabawar shiga jami'a. Ya amsa laifi, aka ɗaure shi wata uku. Mutumin da ke yawo duniya yana wa'azin daidaita dama tsakanin mai shi da marar shi ke nan. Na faɗi wannan ne a wuce, don duk lokacin da na tuna sai na yi murmushi.

To, ga inda na tsaya. Aikin nan ilimi biyu yake buƙata, na kuɗi da na ƙasa, kuma duk wanda ka tambaya a harkar zai ce ya yarda. Ka dubi yadda aka raba muƙamai ka ga ko an yarda. Mai ilimin kuɗi shi ne abokin tarayya, shi ke cikin kwamitin zuba jari, shi ke da kaso a riba. Mai ilimin ƙasa shi ne jagoran hanya, tafinta, mai cika takardar tambayoyi, ana biyansa kuɗin yini. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Ko hanyar auna tasiri da aka fito da ita, irin ta 60 Decibels da ta fita daga Acumen a 2019, inda ake buga wa manomi ko mai saye waya a tambaye shi da harshensa, ci gaba ne na gaske, amma galibi bayan an riga an ba da kuɗi ake tambayar. Abin da nake nema shi ne ƙuri'a. A cikin mutum biyar da ke yanke hukuncin sa jari a noman masara, a samu ɗaya da ya taɓa ba manomi bashi da hannunsa ya bi shi kaka uku, kuma in ya ce a'a, a ƙirga a'ar tasa kamar ta kowa.

Ba sabon abu nake ƙirƙira ba. Muhammad Yunus farfesan tattalin arziki ne da digirin Amurka, amma abin da ya zama Bankin Grameen, mai ba talakawan Bangladesh ƙananan rance, bai fito daga allonsa ba. Ya fito ne a 1976, da ya shiga ƙauyen Jobra da ke maƙwabtaka da jami'arsa ta Chittagong, ya zauna da mata masu saƙar kujerun gora, ya gano cewa dala 27 ce ta ɗaure mutum 42 a hannun masu ba da bashi. Wato mai ba-da-kaka na can ya gano, kuma da ƙafa ya gano shi.

Mu kuma muna da namu tun kafin Bellagio. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi fataucin goro har ƙasar Gana kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, kuma harkarsa ta tsaya ne a kan ba yaransa jari su shiga ƙauyuka. Har gobe a Kantin Kwari da Dawanau haka ake yi: ubangida ya ba yaronsa kaya ko kuɗi, ba takarda ba jingina, ya san gidansu, ya san wa zai yi wa magana in an samu matsala, bayan shekaru ya sallame shi ya buɗe nasa shago. Mutumin da ya yi shekara talatin yana wannan, ya yi asara ya farfaɗo, ya san wanda zai biya tun daga yadda yake gaisuwa, a ma'aunin asusun Legas ba shi da ƙwarewar zuba jari, don ba shi da CV. Haka malamin da ya karanta babin ciniki a fiƙihun Malikiyya a zaure. Ya san ƙiradi, inda ɗaya ke kawo jari ɗaya ke kawo aiki a raba riba. Ya san salam, inda ake biyan kuɗin amfanin gona tun kafin girbi bisa sharuɗɗa bayyanannu. Na ga manoma da idona sun miƙe sun bar taro don an ambaci kuɗin ruwa, alhali da an tsara abin da sigar saye da sayarwa da sun zauna. Tun 2012 bankin Musulunci na Jaiz yake aiki, Lotus Capital ta Hajara Adeola ta ma riga shi, Jami'ar Bayero tana da cibiya guda ta nazarin harkar kuɗi ta Musulunci. Masu wannan ilimi suna nan, ba a dai lissafa su cikin waɗanda za a nema.

Laifin ba na baƙi ne kaɗai ba, kuma wannan ne ɓangaren da ba mu son ji. Sau nawa aka zo binciken kamfanin ɗan Arewa aka tarar kuɗin shago da na cefane aljihunsu ɗaya? Alhaji ya san ribarsa a ka, amma a ce ya nuna littafin shekara uku sai ya ji kamar an zage shi. Ba mai sa kuɗin marayun wata ƙasa ko fanshon tsofaffinta a inda ba a rubuta komai, kuma da gaskiyarsa. Matasanmu da suka karanta noma a Samaru ko tattalin arziki a Sakkwato, da yawa burinsu aikin gwamnati ko na ƙungiyar agaji mai farar mota. Kaɗan ne ke zama su koyi karanta bayanan kuɗin kamfani, su iya gina jadawalin nan da ya ba ni sha'awa, su san me yarjejeniyar hannun jari ta ƙunsa. Alhali abin koyuwa ne. Yarinyar da ta tashi a gidan manoma a Giwa ko Ɗanja, in ta ba lissafi shekara biyu da gaske, za ta iya abin da yaron Legas ya iya. Shi kuwa kafin ya san abin da ta sani tun tana tallan gyaɗa, sai ya kwashe damina goma, in ma ya yarda ya zauna. Ga wanda ke tambayar ta ina ake shiga: ta aikin akanta, ta sashen ba da rance na banki ko na ƙananan bankuna, ta aiki a cikin irin kamfanonin da ake ba jarin. Wannan ta ƙarshen ita na fi ganin amfaninta, don a nan kake ganin kuɗin yana fita yana ƙin dawowa.

Ku kuma masu asusu, na san amsarku: kwamiti yana da nauyin doka, ba kowa ake sawa ba, takardun da Turanci suke, shafi ɗari. Na ji. Amma kuna biyan lauya ya fassara muku doka, kuna biyan injiniya ya duba muku inji, ba ku taɓa cewa tsada ta hana ba. Fassara taƙaitaccen bayani zuwa Hausa, da zama da dattijo awa biyu kafin a jefa ƙuri'a, bai kai kuɗin tikiti ɗaya zuwa taron shekara a Turai ba. Abin da ke da wuya shi ne yarda cewa mutumin da ba ku iya auna takardunsa ba yana iya hana cinikin da kuka yi wata shida kuna shiryawa.

Namu dai sun ba mu kuɗin. Damina ta yi kyau, masara ta yi goyo biyu-biyu a wasu gonakin, farashi ma bai faɗi ba. Da kaka ta zo, abin da ya shigo sito bai kai abin da jadawali ya ce ba, nesa ba kusa ba. Aka yi ta waya tsakanin Legas da ofishinmu. Daga baya asusun ya turo wani ƙwararre daga waje, ana biyansa da dala kowace rana, ya binciko dalili. Kwana tara ya yi. Baba ne ya goya shi a babur zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga, ni kuma ina biye ina tafinta. Bayan wata biyu rahoto ya iso, an ɗaure shi da kyau, da hotuna masu launi. Babban abin da ya gano shi ne manoma suna da wasu basussuka na gargajiya da suke fifitawa a kan na kamfani, kuma ya ba da shawarar a ware ɗan rancen gaggawa a watan Agusta. Na kai wa Baba kwafi har gida, na buɗe masa shafin godiya inda sunansa yake, an rubuta shi ba daidai ba. Ya sa tabarau ya duba, ya miƙo mini, ya tambaye ni ko an ce wani abu game da tayar babur ɗinsa da ta fashe a hanyar dawowa.